Daga Zango zuwa Agadas: wane guzuri motar lantarki za ta riƙe?

Da asuba, a watan Janairu, Damagaram takan tashi cikin hazo. Iskar hunturu na kaɗawa tsakanin duwatsun Birni, masu shayi na hura gawayi, direbobi a tasha sun naɗe kai da rawani suna jiran fasinja. Sanyin daren yakan sauka zuwa wajen digiri 15. Ga mutumin Zinder, wannan shi ne ɗari.

A ƙasashen ƙanƙara, lokacin sanyi ne motar lantarki ke nuna rauninta. Batirinta yana aiki ne da motsin sinadarai, sanyi kuwa yana rage wannan motsi. Sa'an nan motar esansi tana ɗumama fasinja da zafin injinta, kyauta, ita kuwa ta lantarki daga batir take cirar ɗumin. A shekarar 2019, ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada: a digiri 7 ƙasa da sifili, da na'urar ɗumama a kunne, nisan da motar ke ci ya ragu da kashi 41 cikin 100. A digiri 35, da na'urar sanyaya, ya ragu da kashi 17.

Lissafi na biyu shi ne na Damagaram. Hunturun nan bai kai ya tsorata batir ba. Bazara ce abin tsoro, a Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, kuma zafi yana tsufar da batir da wuri.

Bayan zafi sai nisa. Unguwar Zango ta samo sunanta daga ayarin raƙuma da ke sauka nan a zamanin Sarki Tanimun, kuma madugu ba ya tashi sai ya san rijiyar gaba. Hanyar ba ta gajarta ba: kimanin kilomita 150 zuwa Tanut, 450 zuwa Agadas, 900 zuwa Yamai. Mai motar lantarki rijiyarsa ita ce wurin caji.

Ita ma wutar tana da labari. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke lantarkin da take bai wa Nijar, ba a maido shi ba sai a 2024. Man fetur kuwa a gida ake tace shi: matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, tana kan hanyar Tanut.

Saboda haka, in motar lantarki za ta zauna a Damagaram, cikin gari za ta fara, tsakanin Birni, Zango da Sabon Gari, inda tafiya gajera ce, rana kuma ta isa ta cika batir. Hanyar Agadas sai an haƙa mata sababbin rijiyoyi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.