Yaron Da Ya Taso Daga Bama

Ya kai ɗalibi, a watan Satumba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka kame garin Bama a Jihar Borno. Dubban mutane suka tsere zuwa Maiduguri, waɗansu kuma suka gangaro Ibadan, wurin danginsu na Sabo da Akinyele.

Na koyar da ɗaya daga cikin 'ya'yansu. Ya zo ba ya jin Yarbanci, kuma shekara biyu rabonsa da aji. Kawunsa, mai sayar da shanu a kara ta Akinyele, shi ya saya masa littattafai. Mahaifiyarsa ba ta yi boko ba, amma kowane dare sai ta kunna fitila, ta zauna kusa da shi har ya gama aikin gida. Ya faɗi jarrabawar farko, bai fasa zuwa ba. A zango na uku ya ci.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Gaskiya ne, amma dangi ne suke iza masa wuta. Idan irin wannan yaro ya shigo ajinku, ka matsa masa a benci, ka gaishe shi da Hausar da kake koyo.