'Yan Ƙirgan Tsuntsu na Fadamar Nguru

Sunan da mutanen gari suka laƙaba mana ke nan a ƙarshen shekarun 1980, kuma da zolaya suke faɗinsa. Ƙungiyar sa kai ce, yawancinmu ɗaliban sakandare, sai malaminmu na kimiyya da wasu samarin masunta da sha'awa ta jawo. Babu albashi, babu alawus. Dukiyarmu tabarau mai jawo nesa guda ɗaya, da littafin hotunan tsuntsaye wanda bangonsa ya daɗe da yagewa.

Mun tashi ne daidai lokacin da aka kafa shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru a 1987, wanda gidauniyar NCF ta Nijeriya ta haɗa hannu da IUCN da ƙungiyar RSPB ta Ingila. Tsofaffi kan tare mu a hanya: "Yara, ku da tsuntsu ya dame ku, shi ne zai ba ku tuwo?" Dariyar ba ta ragu ba sai a 1989, da Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya taka har Dagona da ke cikin fadamar don ganin tsuntsayen nan da ake yi mana ba'a a kansu.

Watan Janairu ne lokacin ƙirga. Tun asuba muke cikin kwalekwale, hazo ya rufe ruwa, haƙora na karo. Kirinjijiya ce ke fara tashi da fito, sai dinya da dani, zalɓe yana tsaye a gefe, can nesa a hango gauraka idan an yi sa'a. Baƙi kuwa, agwagin da suka ƙetaro Sahara daga Turai suna gudun sanyi, sun fi ƙarfin ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Malam ya koya mana dabara: ka ƙirga goma, ka riƙe girman gungunsu a ido, sannan ka auna sauran da shi. Wata rana wani mafarauci ya kawo mana zoben ƙarfe mai lamba da rubutun boko da ya cire daga ƙafar tsuntsu. Ya ɗauka asiri ne.

Ƙirga ita ce ta fi daɗi, amma aikin da ya sa gari ya karɓe mu shi ne yankan ciyawar kachalla. A da, kogi yakan cika da damina ya malale, ya janye da rani ƙasa ta bushe. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Abin da kachalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ruwan ya karkata ta mashigar Marma ya cinye gonaki, mutanen da ke ƙasa ta wajen Gashuwa suna jiran abin da bai iso ba. Jan baki kuma ya samu wurin kwana a cikinta, yana fita ya share shinkafa da gero.

Gayya muke yi da masunta da manoma, kowa da laujensa, ruwa har ƙirji. Ƙa'idar ita ce a yanka a ƙarƙashin ruwa, don kututturen ya nutse ya ruɓe. Wanda ya yanka a sama, bayan 'yan makonni zai tarar ta tsiro kamar an sa mata taki. Ganyen yana tsaga hannu, matsattsaku na maƙale a ƙwauri. A nan ne tsofaffin da ke mana dariya suka gane cewa hanyar da muka buɗe wa agwagwa ita ce kifinsu zai bi. Mun kuma reni bagaruwa a leda muka dasa, saboda bandar kifi na cin itace ba kaɗan ba. Awaki sun gama da mafi yawansu.

A 1991 Dagona ta shiga gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, a 2000 kuma tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya. Abin alfahari ne, sai dai takarda ba ta yanka kachalla. Shugabannin makarantun Nguru da Gashuwa da Haɗeja, ku farfaɗo da irin waɗannan ƙungiyoyi, ku ba yara malami ɗaya mai himma, ku kai su bakin ruwa kafin Janairu mai zuwa.