Ranar da Muka Tafi Neman Gauraka

Ya ku 'yan makaranta, ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku kaɗan, in ba ku labarin wata tafiya da na yi wadda na fita da girman kai na komo da kunya, amma kuma na komo da ilmin da ban samu a kwalejin horon malamai ba.

Asalin abin, wata rana cikin watan Fabrairu na 1918 da ɗari, wato 2018, ina koyar da 'yan ajina a Kamarawa labarin tsuntsaye, sai na ce kowa ya zana gauraka a allonsa. Yara suka yi tsuru-tsuru suna kallon juna. Wani ya zana zabo, wani ya zana agwagwa ya ɗora mata hula. Da na bincika sai na iske duk ajin babu wanda ya taɓa ganin gauraka da idonsa, alhali kuwa ni ina yaro na sha jin kukansa a fadama, na kuwa sha ganinsa yana taƙama da tukkunsa mai ruwan zinariya, da farin kumatu mai ratsin ja. Abin ya dame ni, har na yi alkawarin da ban auna ba, na ce, "Ranar Litinin zan kawo muku hotonsa." Na tafi na ari na'urar ɗaukar hoto wurin wani abokina, na ɗauko wani littafin tsuntsaye da na saya tun ina kwaleji.

Da dare mai ɗakina ta iske ni ina ta buɗe littafin nan. Ita 'yar manoman fadama ce, ta tashi tana tsaron shinkafa tare da kakarta. Ta duba zanen ta ce, "Malam, wanda ya zana wannan ya san kamarsa, amma bai faɗa maka inda yake kwana ba. Ka tafi da ni." Na yi shiru, domin na san bakin mutanen garinmu, za a ce malamin makaranta ya rasa aikin yi ya ɗauki iyalinsa sun tafi kallon tsuntsu. Sai na kai maganar gaban mahaifiyata, ina tsammanin za ta hana, in huta. Tsohuwa ta ce, "Tafi da ita, ta fi ka ido."

Asabar, muna idar da sallar asuba, muka hau babur cikin sanyin hunturu muka nufi fadama. Ku sani ƙasarmu ta Isa da Sabon Birni ƙasar ruwa ce, domin gulaben Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi duk Rima suke kai ruwansu, in damina ta wuce su bar tafkuna nan da can, tsuntsaye su taru. A ƙasar Bade, cikin jihar Yobe, akwai tafkin Dagona wanda hukuma ta keɓe domin tsuntsaye kaɗai, har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarce shi a 1989. Mu namu ba shinge, ba mai gadi, sai wanda Allah ya tsare.

Da isarmu na hango bakin tafki ya yi baƙi da tsuntsaye. Ni kuwa ina sanye da farar riga mai sitaci, sai na tasam musu kai tsaye, na'ura a ido. Ban yi taku ashirin ba sai fuuu, duk suka tashi, sama ta cika da fito. Na bi su wancan gefe, suka komo wannan. Kafin hantsi na ɗauki hoto ya fi talatin, babu komai ciki sai ruwa da ciyawa da wutsiyar wata agwagwa guda.

Mai ɗakina tana zaune gindin giyayya, ba ta ce mini uffan ba sai da na komo ina haki, taɓo har gwiwa. Sa'an nan ta ce, "Malam, ko 'yan ajinka ka tasam musu haka gudu za su yi. Tuɓe farar rigar nan, ka zauna nan inuwa, ka ba rana baya, kada ka nuna da hannu." Na so in yi gardama, amma na tuna hotunan ciyawata, na yi yadda ta ce.

Muka zauna kusan sa'a guda ba motsi. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse. Da farko kirinjijiya suka komo, masu farar fuska, suna fitonsu mai gaɓa uku. Bayansu dinya biyu suka sauka can nesa, manya, baƙaƙe da farin ciki. Balbelu suka biyo shanun wani Bafillace suna tsintar farin da kofato ya tayar. Wani zalɓe kuwa ya tsaya cikin ruwa kamar an dasa shi. Kafin in buɗe littafi in nemo shafi, ita ta riga ta faɗa mini sunan tsuntsu daga kukansa kawai, da abin da yake ci, da watan da yake ƙwai.

Can sai ta nuna mini da haɓa waɗansu ƙananan agwagi, mazansu da farar gira, ta ce, "Waɗancan baƙi ne. Kakata ta ce da sanyi suke zuwa, kafin bazara su ɓace, ba a taɓa ganin sheƙarsu ba." Nan ne fa na sami abin da ni ma zan ba ta. Na gaya mata daga Turai da Rasha suke, can suke ƙwai, in ƙanƙara ta rufe ruwansu su ƙetaro teku da Sahara su zo mana. Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba, har waɗansu malamansu na da suka ce cikin taɓo suke kwanciya sai sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka iske kibiyar mutanen Afirka, mai tsawon kusan inci 30, soke a wuyanta, ta yi tafiyar nan duka da ita. Har yanzu tana ajiye a jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta na ƙasar Denmark mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don a san inda suke zuwa ba tare da an yi ta zato ba. Shamuwarmu ma da ke sheƙa a itatuwan gari da damina, in kaka ta yi kudancin Afirka take tafiya.

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe wanda ya harbi waccan shamuwar bai ci ta ba, bai kuwa bar ta lafiya ba."

Da azahar wani tsohon masunci ya fito daga ruwa da gorarsa, muka gaisa. Ya ce, "Malam, mi kuka biɗa nan?" Na ce gauraka. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba, ya ce, "Ɗana, ka makara. Sun daɗe da tahiya." Ya ba mu labari yadda masu kamu suka riƙa bin 'ya'yansu suna kai wa masu kuɗi su ajiye a tsakar gida don ado, da yadda noma ya cinye ciyawar da suke sheƙa a ciki. Abin da ya faɗa ya dace da abin da masana suka rubuta, cewa gauraka, wanda ake kira tsuntsun ƙasarmu Nijeriya, ya kusa ƙarewa a cikinta. Ku dubi ungulu ma. Da ba a yanka a mahauta ba tare da ita ba, amma a 2015 aka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya, saboda guba da masu sayen sassanta don magani.

Jikina ya yi sanyi, na ajiye na'ura a kan tabarma. Mai ɗakina ta ɗauka, ta ce in nuna mata inda ake dannawa. Ta saita zalɓen nan, ta jira, ta jira, har na fara gyangyaɗi. Sai ya sari ruwa ya ɗago da ɗan kifi yana walƙiya a bakinsa, ita kuwa ta danna. Duk hotunan ranar nan shi kaɗai ne abin nunawa.

Ranar Litinin na tsaya gaban aji na ce, "Na yi muku alkawari ban cika ba. Gauraka babu. Wannan zalɓe ne, kuma ba ni na ɗauka ba." Na gaya musu wadda ta ɗauka. Yara suka yi dariya, na bar su suka yi, domin na cancanta. Wani yaro da kullum danƙo ke rataye a wuyansa ya tambaye ni, ko in ya girma zalɓe ma zai tafi. Na ce wannan yana hannunsa da hannun abokansa.

Mun yi niyyar komawa kowace shekara, amma tun wajen 2019 'yan bindiga suka hana ƙasarmu sakat, fadamar da muka yini a cikinta ta zama wurin da mutum ba ya kai iyalinsa. Hoton nan yana nan a bangon ɗakinmu, in na dube shi nakan tuna ranar da muka zauna gindin giyayya ba mu tsoron kowa.

To, ga roƙona gare ku. Ban ce kada ku kori janbaki daga gonar gero ba, domin wannan tsaron abinci ne. Amma harbin tsuntsun da bai ci muku komai ba, don kawai a ga gwanintar hannu, ku bar shi. Kowa ya sami ɗan littafi, ya je wurin kakarsa ko kakansa ya rubuto sunayen tsuntsayen da suka sani, da kukansu, da lokacin zuwansu, ya kuma rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa bana. Wanda ya tara ya aiko wa Edita, mu ga garin da zai fi. Kada kuma wanda ya iya karatu ya raina wanda ya iya duba, ni na gwada na ji yadda take.

Allah ya maido mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da sauran ƙasashe, ya sa wani cikinku ya ɗauko hoton da na kasa ɗaukowa. Amin.