Lambar da ke Gefen Sunan Malami

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo cikin malaman jami'a a 'yan shekarun nan. Da an ambaci sunan wani farfesa, ko aka ji za a kawo baƙo ya gabatar da lacca, kafin a rufe baki wani ya zaro waya ya buɗe shafin mutumin a Google Scholar. Ba a tsayawa karanta sunayen rubuce-rubucensa. Ido na zarcewa ne wurin lambobi: sau nawa aka ambaci aikinsa, nawa ne ma'auninsa na h. Ga kuma 'yan sanduna masu ruwan toka a jere, kowace shekara da tata, wata doguwa wata gajera. Cikin ƙiftawar ido an yanke hukunci. Ko dai a ce, “Kai, wannan babba ne,” ko kuwa a taɓe baki a ce, “Ashe suna ne kawai.”

Shi wannan ma'auni na h bai daɗe a duniya ba. Wani masanin fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, shi ya fito da shi a 2005. Lissafinsa mai sauƙi ne: idan h ɗin mutum 20 ne, yana da rubutu 20 waɗanda aka kafa hujja da kowannensu aƙalla sau 20. Ita kuwa ƙidayar ambato ta girme shi nesa ba kusa ba. Eugene Garfield ne ya kawo shawararta a 1955, a 1964 kuma ya fara fitar da kundin ƙidayar. Da farko nufinsa mai bincike ya samu hanyar bin sawun wata magana, ya ga wa ya ɗora a kan aikin wa. Daga baya ne abin ya rikiɗe ya zama sikelin awon mutane, har ya shiga takardun neman ƙarin girma da na neman tallafin bincike.

Abin da ke damuna shi ne sikeli ɗaya ake ɗora likitan da ke binciken zazzaɓin cizon sauro da malamin da ke binciken sarautar Katsina, alhali sana'o'in biyu ba hanyarsu ɗaya ba.

A ɓangaren kimiyyar lafiya, maƙala gajeriya ce, shafi shida ko goma. Ka duba saman ta, za ka ga sunaye reras, mutum takwas, goma sha biyar, wani lokaci har sai na'ura ta gaji ta sa ɗigo uku. Kowane ɗaya daga cikinsu, duk sanda aka ambaci maƙalar, lambarsa ta ƙaru da ɗaya cikakke, da wanda ya tsara binciken da wanda ya ɗebo jini a ƙauye da shugaban sashen da ya sa hannu. Masu binciken kuma dubbai ne a faɗin duniya, kullum suna rubutu suna ambaton juna. Maƙalar da Oliver Lowry da abokan aikinsa suka buga a 1951 kan hanyar auna furotin, lokacin da mujallar Nature ta yi ƙidaya a 2014, an same ta da ambato sama da 300,000, ita ce ta ɗaya a duniya. Dalili kuwa a fili yake: duk wanda ya yi amfani da hanyar a ɗakin gwaje-gwaje sai ya faɗi inda ya samo ta. A wannan ƙidayar, maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar ƙwayar halittar gado, ko cikin ɗari na farko ba ta shiga ba.

Masanin tarihi kuwa yawanci shi kaɗai yake aikinsa. Zai yi shekaru yana zaune a Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kaduna, yana buɗe fayilolin da ƙura ta cinye, yana bin dattawa gari gari, yana fama da rubutun hannu na Larabci da ajami. A ƙarshe littafi ɗaya zai fito, da suna ɗaya a bangonsa. Waɗanda za su kafa hujja da shi 'yan kaɗan ne, su ma kuma sai sun ɗauki shekaru kafin nasu littafin ya fito. Maƙalar likita kamar alayyafo take, cikin makonni an fara tsinka. Littafin tarihi dabino ne, sai an yi haƙurin shekaru, amma idan ya fara bayarwa har jikoki za su ci. To, ma'aunin da aka fi darajanta mujallu da shi shekara biyu kacal yake waiwaye.

Akwai mutum ɗaya da rayuwar aikinsa ta haɗa ɓangarorin nan biyu a ƙasar Hausa, shi ya sa nake yawan tuna shi idan wannan magana ta taso: Murray Last, Baturen Ingila. Ya zauna a Sakkwato a farkon shekarun 1960, yana karatu a cikin littattafan Waziri Junaidu, ya samu digirin digirgir a Jami'ar Ibadan a 1964, sannan a 1967 littafinsa The Sokoto Caliphate ya fito. Maimakon ya dogara da rahotannin Turawan mulki, ya tsaya ne a kan rubuce-rubucen Larabci na su Shehu Usmanu da Muhammadu Bello da gidan Waziri. Daga baya sai ya juya. Ya koma ƙauyen Maguzawa a yankin Malumfashi ya zauna tare da su, yana nazarin yadda mutane ke neman magani. A 1981 ya buga wata maƙala a mujallar Social Science and Medicine kan muhimmancin gane abin da mutane ba su sani ba, kuma ba su damu su sani ba, a harkar jinya.

Abin da ya lura da shi, duk wanda ya taɓa jinyar yaro a ƙasar nan ya san shi. Zazzaɓi ya kama yaro, uwa ta aika a sayo ƙwaya a kemis. Bai sauka ba, a karɓo rubutu wurin malam. Kaka ta kawo saiwa a jiƙa. Idan abin ya ci tura sai asibiti. Ba wanda ke tsayawa tambayar wace hikima ce ke bayan kowane magani, ko suna karo da juna. Lafiya ake nema. Masu nazarin kiwon lafiyar al'umma a ƙasashe daban-daban sun ɗauki wannan magana, har aka sake buga maƙalar a wani littafin da ya tattara nazarce-nazarce kan jinya a Afirka a 1992.

To ga mutum ɗaya, ga jama'a biyu masu karanta shi. Ɗalibin da ke nazarin asibitoci a Gabashin Afirka yana iya ambaton maƙalar Malumfashi bai taɓa jin sunan Waziri Gidado ɗan Laima na Sakkwato ba. Ɗalibin tarihi a Sakkwato kuwa yana iya haddace babin waziranci bai san marubucin ya taɓa zama da Maguzawa ba. Na'ura za ta haɗa su duka ta fitar da lamba ɗaya, lambar kuma ba za ta gaya maka ko ɗaya daga cikin wannan labari ba.

Sannan ga ɗimbin amfanin da ba ya shiga lissafi sam. Ka shiga laburaren sashen tarihi ka nemi kofen littafin nan na 1967. In ka dace ka same shi, za ka ga bango ya saɓule an liƙe da salatif, gefen shafuka ya yi baƙi da yatsu, wani ya ja layi da fensir, wani ya bi da biro. A shagon hoton takardu na bakin ƙofa akwai kofen da aka yi daga wani kofen, har haruffa sun fara dushewa. Ɗalibai nawa suka rubuta kundin kammala digiri da shi, kundayen da ke jibge a kanta ba su taɓa hawa intanet ba? Mai shirin tarihi a rediyo ya ɗauko daga ciki, mai jawabi a bikin naɗin sarauta ya ɗauko, malamin sakandare ya ɗauko. Ko ɗaya na'ura ba ta gani ba. Shi kansa Waziri Junaidu, wanda ya buɗe ɗakin littattafansa ya zauna yana warware wa baƙo matsaloli, wace lamba za ta auna rabonsa a cikin aikin? Haka littafin Mahdi Adamu na 1978 kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, da na Yusufu Bala Usman na 1981 kan Katsina: tasirinsu yana cikin kawunan ɗaliban da suka koya daga gare su, fiye da abin da kowane shafi zai nuna.

Haɗa tarihi da likitanci ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta Infaƙul Maisuri, ya kuma yi rubuce-rubuce kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido. Malaman zaure sun daɗe da sanin darajar faɗin inda ka samo magana, wa ya karantar da kai, shi kuma wa ya karantar da shi. Amma a can ana ambaton malami ne don a san nauyin maganar, a kuma yi masa addu'a.

Ba ina cewa a watsar da ƙidaya ba ne. Tana da ranarta. Ta tona asirin masu tara takardu a mujallun da kuɗi kawai suke karɓa, waɗanda ko marubucin ba ya komawa ya karanta. Ta kuma nuna wa duniya matasan masu bincikenmu da da ba wanda zai san da su. Sai dai da zarar an ce lamba ce ke kawo ƙarin girma, mutane za su koma noman lamba. Shi ya sa yanzu ake jin, “Don Allah ka saka sunana a takardar nan,” ko “Ka ambace ni, in ambace ka.” Na ga matashin malamin tarihi mai hazaƙa ya yanka bincike guda gida huɗu don ya cika adadin da kwamiti ke nema, littafin da ya kamata ya rubuta kuwa har yau shiru. Wannan asara ce, kuma mu ne muka yi ta, domin tarihin garuruwanmu ne ba a rubuta ba.

Su kansu masana kimiyyar lafiya sun farga. A taron masana ƙwayoyin halitta a San Faransisko a 2012 aka tsara wata sanarwa da ke kira a daina auna mai bincike da darajar mujallar da ya buga aikinsa, a duba aikin kansa, kuma jami'o'i da cibiyoyi masu yawa sun sa hannu. Idan waɗanda sikelin ya fi yi wa daɗi suna faɗin haka, ina ga masu tarihi da harshe da adabi?

Roƙona ga kwamitocin ƙarin girma shi ne su gwada likita da likita, masanin tarihi da masanin tarihi, su kuma ba masu tantancewa lokacin da za su karanta aikin da gaske. Jami'o'inmu su ɗora mujallunsu da kundayen ɗalibansu a intanet, har da waɗanda aka rubuta da Hausa da Larabci, don a daina ƙidayar da rabin gidan ba ya ciki. Kai kuma ɗalibi, idan ka buɗe shafin wani malami, ka daure ka zaɓi rubutu ɗaya daga cikin jerin, ka karanta shi daga farko har ƙarshe kafin ka faɗi matsayinsa.