Dutsen Haystack: inda teku ke janyewa, masu nema su shigo

A yammacin Amurka, cikin jahar Oregon, akwai wani ƙaramin gari a bakin tekun Pasifik mai suna Cannon Beach. Tsakaninsa da babban birnin Portland kamar kilometir 130 ne. Gaban garin akwai wani baƙin dutse tsaye cikin ruwa, tsawonsa metir 72. Sunansa Haystack, wato tarin ciyawa, don da shi ya yi kama.

Ruwan teku ba ya zama wuri guda. Sau biyu cikin kwana ɗaya yakan cika ya hau tudu, sau biyu kuma ya janye. Ƙarfin jan wata da na rana ke sa haka. In ya janye, mutum na iya takawa da ƙafa har gindin dutsen. Can zai tarar da ƴan ƙananan tabkuna cikin ramukan duwatsu. Cikinsu akwai kaguwa, da kumba, da dodon koɗi, da wata halitta mai hannu biyar da ake kira tauraron teku. Bisa dutsen kuma tsuntsayen teku ke ƙyanƙyasa, daga watan Afrilu zuwa Yuli.

Cikin masu zuwa irin wannan wuri akwai ƴan wasan ɓoye-da-nema, wanda Turawa ke kira jiyokashin. A jahar nan aka fara shi. Ran 2 ga Mayu 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ƙarfin GPS, wato na'urar da ke nuna ma mutum inda yake tsaye ta hanyar tauraron ɗan'adam. Washegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti kusa da Beavercreek, ya sa littafi da ƴan kaya ciki, ya sanar da lambobin wurin a intanet. Ka'idar ba wuya: wanda ya gano akwati ya rubuta sunansa cikin littafin, in ya ɗauki abu, ya aje wani, sannan ya maida akwatin inda yake. Yau akwai miliyoyin irin wannan ɓoyo a duniya.

Amma gindin Haystack ba wurin tono ba ne. Doka ta kare shi. An hana hawa dutsen, an hana ɗaukar wani mai rai, don ƙafa ɗaya na iya murƙushe abin da ya yi shekaru yana girma. Ga kuma cutar da ta kashe taurarin teku masu ɗimbin yawa a gaɓar nan tun daga 2013. Don wurare irin wannan, akwai wani salon wasan da aka soma a 2004: ba akwati, ba ɓoyo. Lambobi su kai mutum wurin, ya duba duwatsu da idonsa, ya amsa tambayoyi a kan yadda ƙasar ta samu. Ya koma gida da ilimi, wurin kuma ya tsaya yadda yake.

Akwai wani hatsari kuma. Ruwan da ya janye, bayan kamar awa 6 ya sake cika. Lokacinsa kuma kullum yana jinkiri da kusan minti 50. Wanda ya kafa ido ga salula ya manta da teku, ruwa na iya tare masa hanya, ga sanyi kamar ƙanƙara. Shi ya sa mai hankali ke fara karanta takardar lokutan ruwa kafin ya fito, kuma ba ya ba teku baya.

To jama'a, ku duba. Na'ura ta san inda ɓoyo yake, amma ba ta hana ruwa dawowa. Wanda ya iya karatu da lissafi shi ke sanin lokacin shiga da lokacin fita.