Hawan Dutsen Kamaru: Yadda Ake Shirya Jakar Goyo

Da yawa daga cikinmu mazauna Duwala da Yawunde mun sha jin labarin Dutsen Kamaru, wasu ma sun hango shi daga mota a hanyar Limbe, amma kaɗan ne suka taɓa taka shi. Tsawonsa ya haura mita 4,000, babu wanda ya kai shi a duk Afirka ta Yamma. Garin Buya yana gindinsa, kuma 'yan ƙasa, wato Bakweri, suna kiran ƙololuwarsa Fako. Dutse ne mai aman wuta. Ya yi a 1982, ya sake yi a 1999 har narkakken dutse ya tsallake titin Bakingili, sannan ya ƙara a 2000. A 2009 gwamnati ta mai da shi gandun da aka keɓe, saboda haka sai da ɗan jagora ake hawa.

Tun 1973 ake yin tseren hawansa, inda gwanaye kan je ƙololuwa su dawo cikin ƙasa da awa 5, kuma Sarah Etonge ta ci na mata har sau 7. To, amma su hannu rabbana suke gudu. Mu da za mu yi kwana 2 ko 3 a hanya, abincinmu da ruwanmu da shimfiɗarmu duk a bayanmu suke.

Bari mu fara da lissafi irin na aji. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kamar digiri 6. Daga Buya zuwa ƙololuwa akwai hawan mita 3,000 da 'yan kai, ke nan an rage digiri 18, ga kuma iska mai kaɗawa. Wanda ya bar gari yana gumi zai kwana a Bukka ta 2, wajen mita 2,800, yana kaɗa haƙora. Mutanenmu na Garwa da Marwa da suka saba da hunturu kada su raina wannan sanyi, domin yana tafe da laima, kuma jiƙaƙƙen mutum a cikin iska yana iya rasa ransa.

Lissafi na biyu shi ne na nauyi. Masana tafiyar ƙasa sun ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka. Mai kilo 70 ke nan kilo 14 ne rabonsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma da zarar an fita daga kurmi an shiga ciyawa da baƙin dutse, samun ruwa ya zama da wuya. Idan an ɗauki lita 4, saura kilo 10 kacal na sauran kaya.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san cewa idan mangala ta karkata, jaki ba ya kai zango. Haka jakar goyo take. A can ƙasa ake sa abin da ba a bukata sai dare, wato bargo ko jakar barci da kayan canji, a ɗaure su cikin leda mai kauri. A tsakiya, dab da gadon baya, nan ne wurin masu nauyi: gorunan ruwa, gwangwanin kifi, ƙaramar tukunya. In aka sa su can waje, za su riƙa jan mutum baya a kan gangara, in kuwa aka ɗora su a sama, sai jiki ya riƙa tangaɗi. A cusa safa da riguna a tsakaninsu don kada su yi motsi. A sama kuma sai rigar ruwa, rigar sanyi, hular sanyi da safar hannu. Aljihun murfi na tocila ne da batir, ashana a cikin leda, filasta, maganin ciwon kai da katin shaida. Kada a rataya kofi da takalma a waje, rassan kurmi za su kama su.

Wajen guzuri kam mun yi sa'a. Kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa da garin rogo da sukari ba su da nauyi, ba sa lalacewa, ga riƙe ciki. A bar babbar buta da darduma mai kauri a gida, ƙaramar gora da ɗan ƙyalle sun wadatar. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, domin sabo kan yi wa mutum kanta tun kafin Bukka ta 1.

Bayan an gama, a goya jakar a ɗaure ɗamararta a kan ƙugu, don ƙugu ne ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin, kafaɗa ta huta. A zaga unguwa da ita na awa ɗaya. Duk abin da ya dame ka a kan titi, a kan dutse zai ninka. Wanda ya ga ba zai iya ba, akwai 'yan dako a Buya, kuma biyansu ba abin kunya ba ne.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin ruwan saman wannan yanki ba wasa ba ne. Ƙauyen Debunca da ke gefen teku yakan sami kusan milimita 10,000 a shekara. Haka kuma tun 2016 rikici ya taɓa lardin Kudu maso Yamma, don haka a tuntuɓi 'yan'uwa mazauna Buya a ji halin hanya kafin a tashi. Wanda kuma ya ji ciwon kai mai tsanani da amai a sama, ya gaya wa ɗan jagora su sauko, kada ya ce zai daure. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.