Ruwan da ya kwanta shiru

Mun fara da cibiyar namun daji ta Limbe, a kudu maso yammacin Kamaru, inda ake rainon gwaggon birin da aka ƙwato daga hannun mafarauta. Daga nan muka bi hanyar bakin teku, baƙin rairayi a hagu, Dutsen Kamaru a dama. A Bakingili direba ya nuna mana narkakken dutsen da ya datse titin a 1999, yanzu ya daskare.

Washegari muka nausa Kumba, muka isa Barombi Mbo, tafkin da ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. Abokan tafiyata suka shiga kwalekwale. Ni na kasa.

Nyos nake tunawa. A watan Agustan 1986, wannan tafkin na arewa maso yamma ya saki iskar kabon da ta taru a ƙarƙashinsa, ta hallaka mutum fiye da 1,700 a dare ɗaya, har da makiyaya da shanunsu. Narkakken dutse ana hango shi tafe, a kauce. Iskar kuwa ba ta da launi.

Tun 2001 ake zuƙe iskar Nyos da bututu. Na san haka, amma ƙafata ta ƙi barin gaɓa.